Gonar tururuwa a ƙarƙashin ƙasa: su wa ke zaune a ciki, kuma me ya hana ta ruɓewa?

A daminar 2023 manoman citta na Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye a jihar Kaduna sun ga tashin hankali. Ganye ya fara yin ɗorawa, kara ya kwanta, in an tona sai a tarar citta ta ruɓe a ƙasa. Kafin a ankara cutar ta bi gona gona, masana kuma suka ce wata funfuna ce ta yi ɓarnar. Cikin abubuwan da ke ba irin wannan annoba ƙafa akwai yadda ake shuka cittar kanta. Ba ƙwayar iri ake zubawa ba, gutsuren cittar bara ake binnewa, don haka shukar bana kwafin ta bara ce, sau da yawa ma da ta maƙwabci tushensu ɗaya. Cutar da ta gano lagon tushe guda ta gano lagon gonar baki ɗaya.

To akwai manomin da ya fi mu dogaro da iri ɗaya tilo, kuma yana nomansa a inda funfuna ta fi so a duniya, wato wuri mai duhu da ɗumi da laima. Wannan manomi shi ne tururuwa mai yankan ganye ta nahiyar Amurka. Ba mu da ita a nan. Iyakarta daga Ajantina zuwa kudancin ƙasar Amurka, wajejen Texas da Louisiana. Jinsinta ya kai kusan 50, mafi yawansu a ƙarƙashin zuriya biyu, Atta da Acromyrmex. In an haɗa da sauran danginsu manoma, jinsin ya kai wajen 250, kuma binciken da Ted Schultz na cibiyar Smithsonian da abokan aikinsa suka wallafa a 2024 ya ce kakanninsu sun fara wannan sana'a kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Duk wannan tsawon zamani ana noman abu ɗaya a ɗaki mai laima, amma gonar ba ta ƙare ba. Amsar da aka fi yaɗawa ita ce wai tururuwar tana da maganin kashe ƙwayoyin cuta a jikinta. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita kaɗai ba ce, kuma a ganina ba ita ce babba ba.

Mu fara da abin da ake nomawa. Tururuwar ba ta cin ganyen da take yanka. Manyan ma'aikata sukan sha ruwan ganyen su samu ƙarfi, amma ainihin ganyen taki ne na gona. Wani Baturen Ingila mai aikin haƙar zinariya a Nikaragua, Thomas Belt, shi ya fara faɗin haka a 1874, sannan Bajamushe Alfred Möller ya tabbatar da shi a 1893 bayan ya yi nazarin gidajen tururuwar a Blumenau da ke kudancin Barazil. Abin da suke shukawa funfuna ce dangin laimar kwaɗi, mai suna Leucoagaricus gongylophorus. Da wuya ta fitar da laimar kwaɗin. Maimakon haka bakin zarenta yana kumbura ya zama 'yan ƙulle-ƙulle farare masu maiƙo da sukari, waɗanda masana ke kira gongylidia, kuma su ne abincin 'ya'yan tururuwa da sarauniya. Ba a samun funfunar tana zaman kanta a daji. Ita ma tururuwar ta rasa wasu ƙwayoyin gadon da take buƙata don haɗa arginine, ɗaya daga cikin tubalan furotin, don haka dole ta samu a abinci. Ko wanne a cikinsu ba ya rayuwa in babu ɗayan.

Yadda ake sarrafa ganyen abin kallo ne. Mai yanka ta kawo gutsure ta ajiye. Waɗanda suka fi ta ƙanƙanta su lashe shi ciki da bai, su kankare kakin da ke samansa tare da ƙwayoyin da suka biyo shi daga daji. Wasu su tsinka shi zuwa milimita ɗaya ko biyu, su tauna gefensa har ya yi laushi, su ɗiga masa ɗigon kashinsu, su cusa shi a saman gonar. Sai 'yan mitsi-mitsin gidan, waɗanda faɗin kansu bai cika milimita ɗaya ba, su tsinko zaren funfuna daga tsohon ɓangare su dasa a kansa. Shi ya sa gonar take da hawa-hawa. Samanta kore-kore ne mai duhu, inda sabon ganye yake. Tsakiya fari-fari, nan abincin ya fi yawa. Ƙasa kuma ruwan ƙasa-ƙasa, ganyen da aka gama tsotsewa, wanda ma'aikata ke kwashewa su kai juji. Babban gidan Atta yana da ɗaruruwan irin waɗannan ɗakuna, da ma'aikata miliyoyi, zurfinsa kuma yakan kai mita bakwai ko takwas.

Wannan ɗigon kashi ba ƙazanta ba ce. Idan tururuwa ta ci ƙulle-ƙullen nan, wasu sinadaran narkarwa na funfunar suna ratsa cikinta ba tare da sun lalace ba, su fito a kashin, su sauka a kan sabon ganye. Wato funfunar ta tsakiya ce ke aika kayan aikinta sama ta cikin tururuwa. Wasu sinadaran suna narkar da abin da ya liƙa ƙwayoyin ganye da juna, ɗaya kuma yana karya dafin da itace ke zubawa a ganyensa don kare kansa. Akwai kuma wani abu da Michael Poulsen da Jacobus Boomsma na jami'ar Kofenhagen suka nuna a 2005: ɗigon yana ɗauke da alamar funfunar gidan, kuma idan aka sa shi a kan funfunar wani gida sai ta ƙi shi. Ke nan ita shukar da kanta ba ta yarda da kishiya. Sabuwar sarauniya kuwa, ranar da za ta tashi daga gidan uwarta, tana ɗaukar ɗan dunƙulen funfunar a wata 'yar jaka da ke cikin bakinta, ta haƙa rami, ta tofar da shi, ta yi ta renonsa da kashinta har 'ya'yanta na fari su girma. Lokaci-lokaci iri yana sauya hannu tsakanin gidaje, amma a cikin gida guda shuka ɗaya ce.

Shekara da shekaru masana sun ɗauka cewa tururuwar tana riƙe gonar tsaf, babu komai ciki sai shukarta. Cameron Currie, lokacin yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Toronto, shi ya rushe wannan zato a 1999. Ya riƙa tsinko 'yan gutsattsari daga gonaki a Panama yana ɗorawa a farantin gwaji ya ga abin da zai tsiro. Abubuwa da yawa suka tsiro, amma wata funfuna ta yi ta maimaita kanta, mai suna Escovopsis. An san da ita kafin lokacin, an ma raɗa mata suna tun 1990, sai dai ana mata kallon ciyawar da ke fitowa bayan gida ya mutu. Currie ya nuna cewa tana nan a gidaje masu rai, tana rage girman gona da yawan 'ya'yan da gidan ke renowa, kuma in ta samu sarari tana cinye gonar ɗungurungum.

Escovopsis ba ruwanta da ganye. Shukar tururuwar take ci. A farantin gwaji ana ganin zarenta yana karkata yana nufar inda shukar take, saboda tana jin sinadaran da shukar ke fitarwa. In ta isa sai ta nannaɗe zaren, ta narkar da shi, ta tsotse. Gonar da ta kama tana fara yin fari-fari kamar an yafa mata auduga, daga baya ta koma ruwan ƙasa saboda ƙurar irin cutar. Kusan ba a samun ta ko ina sai a gonakin tururuwa da jujinsu, kuma kundin ƙwayoyin gadonta ya tsuke, ta zubar da kayan aiki da yawa da 'yan uwanta masu zaman kansu ke riƙe da su. Wani abin lura shi ne gonakin sababbin sarauniyoyi yawanci ba su da ita. Daga baya take shigowa, daga waje.

A shekarar dai Currie ya fito da abu na biyu, wanda ya fi yin suna. Duk wanda ya dubi tururuwar Acromyrmex da kyau zai ga wani fari-fari a ƙirjinta, ƙarƙashin wuya, wata ma duk jikinta. An daɗe ana cewa kaki ne jikinta ke fitarwa. Da aka sa shi a na'urar hangen ƙananan halittu sai aka ga zaruruwa ne na bakteriya mai rai. Da farko an ce Streptomyces ce, daga baya aka gyara aka ce Pseudonocardia. Dukansu dangi ɗaya ne, dangin bakteriyar ƙasa da ɗan Adam ya samo mafi yawan magungunansa na kashe ƙwayoyin cuta daga gare su. Streptomycin da aka fara yaƙar tarin fuka da shi daga nan ya fito a 1943, haka ma daga baya nystatin, maganin nan da ake ɗiga wa jariri idan bakinsa ya yi farin funfuna. Da aka haɗa Pseudonocardia da Escovopsis a faranti ɗaya, sai cutar ta kasa matsowa kusa da ita.

Hujjojin da suka biyo baya ba na wasa ba ne. A 2006 aka gano cewa fatar tururuwar tana da 'yan ramuka da bakteriyar ke zama a ciki, ƙarƙashin ramukan kuma akwai matsatsa da ke tsatso wani ruwa, wanda ake ganin abincin bakteriyar ne. Jiki ba ya gina wa baƙo ɗaki har da kicin a banza. An kuma ga irin waɗannan alamu a jikin tururuwar da ta maƙale cikin ƙaron da ya daskare ya zama dutse a Jamhuriyar Dominika, tun shekara miliyan 15 zuwa 20 baya. Sabuwar ma'aikaciya tana karɓar bakteriyar daga yayyenta a sa'o'in farko bayan ta ƙyanƙyashe. In wannan taga ta wuce, ba ta kamawa sosai. Cikin mako biyu farin yakan rufe mata jiki, lokacin da take aiki a cikin gona, sannan ya ja baya ya tsaya a ƙirji idan ta girma ta fara fita. Da aka kankare bakteriyar daga jikin ma'aikata a ɗakin gwaji, aka zuba wa gonarsu Escovopsis, cutar ta fi yin ɓarna. A 2009 kuma tawagar Jon Clardy ta jami'ar Harvard tare da Currie suka ware wani sinadari, dentigerumycin, daga Pseudonocardia ta wata tururuwa manomiya da ba ta yankan ganye, Apterostigma dentigerum. Yana tsayar da Escovopsis, ya ƙyale shukar.

Daga nan labarin ya fita daga hannun masana ya shiga hannun masu son labari mai daɗi: ga tururuwa tana amfani da magani guda shekara miliyoyi, cutar ba ta taɓa bijire masa ba, mu kuwa cikin shekara 80 mun lalata namu. Ana jin wannan a wuraren wayar da kai kan shan magani barkatai, kuma niyyar mai kyau ce. Amma ba haka binciken ya nuna ba.

Da farko dai ba magani guda ba ne. Masu bincike a Jamus sun samo Streptomyces mai yin candicidin a gidajen Acromyrmex a 2009. Tawagar Matt Hutchings a Norwich ta Ingila ta samo wani ɗan uwan nystatin daga Pseudonocardia ta Acromyrmex octospinosus a 2010, sannan ta tarar da Streptomyces a jikin tururuwar tana yin nata magungunan daban. Ko ita Pseudonocardia ta Acromyrmex a Panama kashi biyu ce, ko wane gida da wadda ya riƙe, kuma kayan yaƙinsu ba ɗaya ba ne. Na biyu, cutar ba ta zauna tana kallo ba. Wasu nau'o'in Escovopsis sun fi wasu jure maganin, kuma a 2018 aka nuna cewa lokacin da take kai hari tana ƙara fitar da sinadarai iri biyu: melinacidin da ke danne Pseudonocardia, da shearinine da ke rikita tururuwar kanta, in ya yi yawa ya kashe ta. Akwai ma wani baƙin yis da aka samu yana zaune daidai inda bakteriyar take a ƙirjin Apterostigma, yana cin ta yana rage mata ƙarfi. Abin da ke gudana tsere ne, yau wannan ya sha gaba, gobe wancan.

Na uku shi ne saɓanin da ya ɗau zafi tsakanin masanan kansu. Ulrich Mueller na jami'ar Texas a Austin, wanda da shi aka rubuta takardar Currie ta 1999 kan Escovopsis, shi da ɗalibansa suka nuna a 2009 cewa bakteriyar da ke jikin tururuwa ba Escovopsis kaɗai take kai wa hari ba. Tana danne funfuna iri-iri, wani lokaci har da shukar gidan. Suka kuma ce dangin Pseudonocardia na kusa suna nan a ƙasa, don haka mai yiwuwa ne tururuwa tana ɗaukar sababbi daga waje lokaci zuwa lokaci, ba gadon kaka da kakanni tsantsa ba ne, kuma wata ƙila babban aikinta kare jikin tururuwar ne daga cututtukan ƙwari. Ɓangaren Currie suka amsa da cewa abin da ke faruwa a faranti daban, abin da ke faruwa a gida daban, kuma a gidaje na gaske nau'in bakteriyar yana bin zuriya. Ni dai na fi karkata ga cewa kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya: akwai nau'in da ake gada, akwai baƙin da ke shigowa, kuma wannan cakuɗa ita ce ke hana cutar sabawa da abu ɗaya. Amma lura ɗaya daga wannan rigima ya kamata mai karatu ya riƙe, domin ya shafi duk wani labarin "an gano sabon magani" da zai gani a waya: kashe ƙwayar cuta a farantin gwaji abu ne mai sauƙi, gishiri ma yana yi.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa cewa maganin ba shi ne ginshiƙi ba shi ne Atta. Ita ce mai manyan gidaje, mai ma'aikata miliyoyi, amma ma'aikatanta ba su da wannan farin a ƙirji. Zuriyarta ta ajiye shi. Abin da take dogaro da shi wata matsatsa ce a gefen ƙugunta, mai fitar da ruwa mai tsami, wanda babban sinadarinsa a wajen Atta shi ne phenylacetic acid. Hermógenes Fernández-Marín, ɗan ƙasar Panama, ya bayyana yadda ake amfani da ita: tururuwa ta ɗaga jiki, ta goga ƙafar gaba a bakin matsatsar, ta kai ƙafar baki ta lashe, sannan ta shafa a wurin da ya kamu. Idan aka zuba ƙurar irin cuta a gona, wannan motsi yana ƙaruwa nan take.

Sai kuma aikin hannu, wanda ba ya samun kanun labarai. Currie da Alison Stuart sun bayyana shi a 2001. Ma'aikata suna bin gonar suna lashe ƙurar irin baƙuwar funfuna, suna tara ta a jakar nan ta cikin baki, su dunƙule, su je su zubar a juji. In cutar ta riga ta kama, sai su kama gutsuren da ya kamu su yi ta girgiza shi har ya ɓalle, a fitar da shi, ko da akwai shuka mai kyau a jikinsa. Kuma sun fi tsananta wannan aiki idan Escovopsis ce, fiye da wata funfunar gama-gari. Jujin ma da dokarsa. Atta cephalotes tana haƙa masa ɗakuna na musamman a ƙasa, Atta colombica kuma tana zubarwa a waje. Tsofaffin ma'aikata ne ke wannan aiki, kuma wadda ta zauna a juji ba a barinta ta koma cikin gona. In ta nufo, 'yan uwanta su far mata. Ko ganyen da ake kawowa ana tace shi. An gwada ba su ganye da aka jiƙa da maganin da ke cutar da funfuna amma ba ya taɓa tururuwa. Ranar farko suka kwashe. Bayan kwana ɗaya ko biyu, da shukar ta fara nuna alamar wahala, suka daina ɗaukar ganyen wannan itace, suka kuma yi makonni suna ƙinsa ko da an kawo shi ba magani. Idan aka cire ma'aikata daga gona, cikin 'yan kwanaki baƙin funfuna irin su Trichoderma da Escovopsis suke rufe ta. Da ma suna nan, hannu ne ya danne su.

Ban da masu yaƙi da masu kai hari, akwai wasu mazauna gonar da ba ruwansu da faɗa, kuma a wajena su ne suka fi ban sha'awa. Ganye abinci ne mai ƙarancin naitirojin, sinadarin nan da manomi ke saye a buhun yuriya, kuma ba a gina furotin sai da shi. Ta yaya gida mai baki miliyoyi zai tashi a kan ganye zalla? Adrián Pinto-Tomás, ɗan Kosta Rika, da abokan aikinsa suka amsa a 2009, bayan sun gwada gidaje daga Ajantina, Kosta Rika da Panama. A cikin gonar akwai bakteriya, musamman Klebsiella da Pantoea, masu kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abin da shuka za ta iya ci. Aiki ɗaya ne da wanda bakteriyar da ke ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa da waken suya ke yi, dalilin da ya sa masara ke yin kyau a gonar da aka cire waken suya. Don su tabbatar, sai suka rufe gona da iskar naitirojin mai alama ta musamman, daga baya suka tarar da alamar a jikin tururuwar. Lissafinsu ya nuna cewa kusan rabin naitirojin da gonar ke buƙata zai iya fitowa ta wannan hanya, kuma babban gida guda yana iya ƙara wa ƙasar daji har kilo 1.8 a shekara. Shi ya sa saiwoyin itatuwa ke tururuwa zuwa jujin Atta. Ma'aikacin asibiti in ya ji sunan Klebsiella gabansa zai faɗi, domin 'yar uwarta ce ke jawo ciwon huhu mai wuyar magani a ɗakunan jinya. Dangi ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta.

Da aka samu na'urorin karanta ƙwayoyin gado da yawa a lokaci guda, Garret Suen da Frank Aylward suka karanta na gonar baki ɗaya a tsakanin 2010 da 2013. Suka tarar ba tarkacen duk abin da ya biyo ganye ba ne. 'Yan zuriyoyi kaɗan ne suka mamaye wurin, irin su Enterobacter, Klebsiella, Pantoea da Citrobacter, kuma su ɗin ake ta gani daga gida zuwa gida. An yi ta ja-in-ja kan wa ke narkar da ganyen, bakteriya ko funfuna. Inda aka fi tsayawa yanzu shi ne funfunar ce ke babban aikin, ita kuma bakteriyar tana cin sukarin da ya zubo, tana haɗa tubalan furotin da bitamin, wasu kuma suna taimakawa wajen karya dafin ganye. Atta mai yankan ciyawa da mai yankan ganyen itatuwa ma bakteriyar gonarsu ta ɗan bambanta. Akwai Burkholderia, wadda aka fara samowa a gonakin Atta sexdens a Barazil a 2004, mai danne Escovopsis ba tare da ta taɓa shukar ba. Wato ko Atta da ta ajiye magani a ƙirji, tana da wani a cikin gonar. Akwai yis iri-iri, da masanan jami'ar jihar São Paulo a Rio Claro suka daɗe suna tattarawa, wasu suna cin ragowar sukari, wasu suna hana baƙin funfuna tsiro.

Mutanen Barazil ba don sha'awa kawai suke wannan bincike ba. Tururuwar, wadda suke kira saúva, babbar abokiyar gabar manomi ce, tana iya tsige ganyen itacen lemu a dare ɗaya, kuma masu dashen itacen turare suna kashe kuɗi mai yawa a kanta. Har karin magana gare su cewa ko Barazil ta gama da saúva, ko saúva ta gama da Barazil. Abin da suka fi amfani da shi guba ce, sulfluramid, da ake cakuɗawa da dusar lemu tururuwa ta ɗauka da kanta ta kai gida. Gubar tana barin saura mai daɗewa a ƙasa da ruwa, don haka aka yi ta ƙoƙarin maye gurbinta da cututtukan gonar, a ba tururuwa Trichoderma ko Escovopsis ta kai ciki. A ƙananan gidajen ɗakin gwaji abin yakan yi aiki. A babban gida a daji sakamakon ba ya tabbata, saboda dalilan da muka gani: a lashe, a ɓalle, a zubar, gobe kuma a ƙi ɗauka.

Ko da yake ba mu da wannan tururuwa, muna da manomin da ya yi irin dabararta ba tare da sun haɗa dangi ba, kuma yana gefen hanyar Kaduna zuwa Zariya da kusan ko wace gona a jihar Kaduna. Gara ce mai gina suri. Wanda ya taɓa fasa babban suri ya ga wani abu mai ramuka-ramuka, ruwan ƙasa, mai laima, da 'yan farin ɗigo a jikinsa. Gona ce. Farin ɗigon funfuna ce mai suna Termitomyces, ita ce kuma ke fitar da laimar da ake tsinta a gindin suri da damina ana miya da ita. Wannan noma a dazuzzukan Afirka ya faro, kimanin shekara miliyan 30 baya. Gara ba ta tauna ganye ta dasa. Tana cin busasshen itace da kara da ciyawa, ya ratsa cikinta da sauri tare da irin funfunar, sannan ta gina gonar da abin da ya fito. A yawancin jinsuna ma'aikatan farko ne ke tsinto irin daga waje, amma a Macrotermes bellicosus, mai dogayen surin nan na yankinmu, namijin shinge ne ke tashi da shi a cikinsa daren da suka fito bayan ruwan farko. Kuma da Aylward ya kwatanta bakteriyar gonar gara da ta tururuwa a 2014, sai ya tarar da zuriyoyi masu kama da juna a duka biyun, duk da teku da ke tsakaninsu.

Ita ma gara tana da ciyawarta, wata funfuna mai suna Pseudoxylaria, wadda ba a ganinta muddin ma'aikata suna nan, amma in aka ciro gonar aka ajiye ba gara, cikin 'yan kwanaki take rufe ta. Bayan nasarar Currie, masu bincike sun nufi suri da tsammanin samun irin labarin ƙirjin Acromyrmex. Sun samu dangin Streptomyces da yawa, amma da Anna Visser da abokan aikinta suka gwada su a 2012, sai suka ga suna danne shukar garar kamar yadda suke danne ciyawar, wani lokaci ma fiye. Shekara guda bayan haka aka samo wata Bacillus a surin Macrotermes natalensis na Afirka ta Kudu, mai fitar da sinadarin bacillaene da ke tsayar da baƙin funfuna ya ƙyale Termitomyces. Sauran hankalin masana yanzu ya koma kan cikin garar kanta, domin duk abin da zai shiga gonar sai ya bi ta hanjin ma'aikaciya tukuna, kuma a suri mai lafiya, in aka karanta ƙwayoyin gadon funfunar da ke gonar, kusan dukansu na Termitomyces ne.